Lurwanu Sarkin Tushe da Irin da ke Cikin Rumbu

Ku matso nan inuwa ku gyara zama, mai tabarma ya sam wa na kusa da shi gefe. Labarin Lurwanu mutumin Tajaye zan ba ku, kuma tun yanzu nake gaya muku, ni kaina in na tuna da shi sai na yi tsaki.

Lurwanu manomi ne wata biyar, maɗaurin ƙarfe wata bakwai. Da an gama girbi sai ya cika rumbunsa, ya hau tsani ya liƙe bakin rumbun da laka, ya kifa masa hular ciyawa, ya saɓa jaka sai Yamai cin rani. Aikinsa a can ɗaure sandunan ƙarfe da waya, kafin a zo a zuba musu kankare. In ka taɓa tafin hannunsa ka ce ƙasan tsohon takalmi ne. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan kai da komo.

To, ga inda matsalar take. Dogon gini ba ya ƙarewa a rani guda. Ana haƙa tushe Lurwanu na nan, a yi hawa na ɗaya, na biyu, na uku, yana nan. Sai ruwan shuka ya sauka a Tajaye, ya ajiye awartaki ya kama hanyar gida. In ya koma bayan kaka, wasu sun riga sun rufe wancan ginin, shi kuma a tura shi sabon rami. Haka kowace shekara.

Da aka gina babban zauren taron nan a tsakiyar Yamai, kusa da kogi, unguwar ta sake kama baki ɗaya. Wanda ya zo taro daga wata ƙasa yana son wurin kwana kusa, yana son buro, wato ofis, kusa. Sai benaye suka riƙa tsirowa kewaye da zauren, wannan na leƙen wancan. Uku daga cikinsu Lurwanu ya ɗaure ƙarfen tushensu. In an nuna unguwar a talabijin ɗin mai shayi a Tajaye, sai ya miƙe ya dangwala yatsa a gilashin.

"Wancan mai tagogi shuɗɗa, ni na ɗaure mishi ƙafafu."

"Kan fa, wa ya ɗaure?" in ji Alamin, taubashinsa, direban babbar motar da ke kai siminti daga Malbaza zuwa Yamai. "Kai dai ka ce ka san ramin da aka dasa shi. Ranka ya daɗe, Sarkin Tushe!"

A yi ta dariya, shi ma ya yi. Sunan kuwa ya bi shi har masallaci. Amma Tsahara, matarsa, ta san in ya dawo daga wurin mai shayi ya ture tuwo gefe, to an taɓo maganar nan.

Bana sai aka yi sa'a. Da ya isa Yamai, ba rami aka kai shi ba. Wani bene ne da ya riga ya kai hawa huɗu, ana so a kai shi sha huɗu, titi ɗaya tsakaninsa da zauren taron. Lurwanu ya bi shi hawa hawa tun sanyi har zafi ya kankama. Ba na'urar ɗaukar mutane, da ƙafa ake hawa, sau biyu a yini, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Shi kansa ya san ba wani ranin da gwiwoyin nan za su sake kai shi wannan nisa. Ranar da ya taka hawa na sha uku, ya leƙa ya ga rufin zauren taron a ƙarƙashinsa, ga gada, ga kogi ya miƙe, jiragen masunta kamar ɓawon gyaɗa.

Mahamudu, shugaban ma'aikatan wurin, wanda kowa ke kira shef, ya dafa shi. "Baba Lurwanu, saura kwana tara. Alhamis ta sama za mu zuba rufin ƙarshe. Ka tsaya mu ɗaure shi tare. In an gama, kai za ka riƙe mini maɗaura a gini na gaba, da takardar aiki, ba cin rani ba. Sai ka tsaya ƙasa kana ba da umarni, gwiwarka ta huta."

"Shef, ko ba takarda. Ni dai in tsaya a saman nan sau ɗaya, in ce ni na rufe."

Wannan magana ranar Talata da hantsi aka yi ta. Ba a yi awa guda ba wayarsa ta yi ƙara. Tsahara ce.

"Malam, ruwa ya sauka. Na tona da hannuna, lema ta wuce kamu guda. Gari duka ya watse gona, har guragu."

Sai in tsaya in yi wa baƙo bayani. A garuruwanmu, zangarniyar da manomi ya zaɓa don iri, cikin rumbu yake ɗaure ta ya liƙe. Dalili kuwa, in aka bar ta waje, bazara ta yi tsanani, yara na kuka, to tukunya za ta shiga. Kuma wanda ya liƙe rumbu shi ke buɗe shi. Mace ba ta hawa tsanin, ba ta leƙawa ta ga abin da ya rage. Haka aka tarar. Wasu gidajen sun sassauta, ban da gidan Lurwanu. Ba shi da ɗa namiji, ƴarsu Humaira tana ɗakin mijinta a Alela, ƙanensa kuma yana Agadas. Ruwan shuka kuwa ba ya jiran kowa, kwana biyu ƙasa ta sha iska ta bushe.

"Ka ce in buɗe kawai," in ji Tsahara. "Ni da matan maƙwabta mu gama ta yini guda. Shekara nawa ina bin bayanka ina zuba iri?"

"Ke ki hau rumbun ubana? Mi za a ce a gari?"

"To in karɓo iri wurin su Safiya maƙwabciyarmu."

"Irin wa? Gonar da tun kakana ba a zuba mata baƙon iri ba?"

"Malam, gona ba ta san hannun wa ya buɗe rumbu ba."

"Ina zuwa," ya ce, ya kashe wayar.

Lissafinsa ya yi kyau a baki. Laraba ya tafi, Alhamis ya yi shuka, Juma'a ya juyo. Mahamudu ya dube shi ya girgiza kai. "Duk shekara haka kuke mini, ku mutanen tudu. Hadari ya taso can inda ba na gani, ni nan in rasa ma'aikata. Na riƙe maka wurinka zuwa Lahadi. Ƙarfe ba ya ɗaure kansa, Baba."

Alamin ya sauke siminti a ranar, zai koma Malbaza da mota wayam. Me zai kai Lurwanu tashar bas alhali ga taubashi? Suka tashi Laraba da sassafe, Alamin na tsokanarsa tun daga bakin gari. "Sun ga ka kusa kai sama sunka koro ka ko? An ce in Sarkin Tushe ya taka rufi, gini na komawa ƙasa." Kafin Dogon Dutse motar ta yi wani tari, ta yi na biyu, ta tsaya cik. Wani ƙarfe ne ya karye a cikinta, sai an aiko da shi daga Konni. Alamin ya yi ta cewa yanzu yanzu, ga shi nan tafe. Lurwanu ya zauna gindin wata aduwa yana kallon bas bas na wucewa cike maƙil da ƴan cin rani irinsa, ba wadda ta ko rage gudu. Yini da rabi suka yi a nan.

Sai Juma'a bayan la'asar ɗan kabu-kabu ya sauke shi ƙofar gida. Bai ko sha ruwa ba ya wuce gona, ya durƙusa ya tura hannu cikin ƙasa. Rairayi ya zubo ta tsakanin yatsunsa, busasshe, da ɗumi. A gonar maƙwabcinsa kuwa har tsiro ya fara huda ƙasa kamar allurai.

Tsahara na tsaye bayansa da kwanon ruwa. "Sannu da hanya," ta ce. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Asabar da safe ya jingina tsani, ya hau da gwiwoyin nan nasa, ya fasa lakar, ya fito da damin iri. Yana saman ne Tsahara ta ɗaga kai ta ce, "To, ga shi ka kai hawa na ƙarshe. Ana hango kogi daga nan?"

"Tsahara, ki kiyaye ni."

"Na kiyaye. Tunda iri ya fito, ba ni nan, ka kama hanya yau. Gobe ne fa Lahadin shef ɗinku."

Jama'a, nan ne wurin da nake so in shiga labarin in ja shi da hannu zuwa tasha. Iri ya fito, al'ada ta cika, ba abin da ya rage. Amma Lurwanu ya dubi gabas ya ga wani ɗan gajimare, ya ce ai tunda ya zo, ba zai juya ba sai ya sari gonar da sungumin kansa. Ruwa na nan tafe yau ko gobe. Asabar ta wuce. Lahadi gajimaren ya yi baƙi, ya yi iska, ya tafi ya zuba wa mutanen Illela. Wayar Mahamudu ta shigo sau biyu, Lurwanu ya dube ta ya mayar aljihu. Litinin sama ta wayi gari fes kamar an wanke kwano.

Da yamma ya ɗauko damin irin ya ajiye gaban Tsahara, bai dube ta ba. "In ya sauka, ku yi."

"Abin da na ce tun Talata ke nan."

"Na ji."

Talata ya yini a hanya, wannan karon a bas. Laraba da safe ya nufi wurin aiki yana cewa a ransa, ko an ba wani wurinsa, ai zuba rufi sai gobe, zai roƙi shef ya bar shi ya ɗaure ko sanda goma. Tun daga bakin shingen zauren taron ya ɗaga kai. Ba ƙarafa tsirara a saman benen. Sai wani mutum can ƙarami kamar ƙuda, riƙe da tiyo, yana ba sabon kankare ruwa.

Mahamudu ya fito ya same shi bakin ƙofa. "Baba, jiya munka zuba. An ce ruwa na tafe Yamai, injiniya ya ce kada a jira Alhamis. Na kira ka, na sake kira. Litinin na ɗauki wani Umar a madadinka, shi ya ƙarasa, shi na ba maɗauran."

"In hau in gani kawai, shef."

"An cire sunanka a takardar ƙofa. Mai gadi ba zai bari ba, ni ma ba ni da iko. Ka yi haƙuri." Ya nuna tsallaken titi da hannu. "Akwai sabon rami bayan zauren, in ka dawo bayan kaka. Wannan sha takwas za a kai shi."

Lurwanu ya tsallaka titi ya zauna kan dakalin shingen zauren. Ana wani taro ranar, motoci masu tuta na shiga, wani jandarma ya zo ya ce tsoho a matsa gaba. Yana matsawa wayarsa ta yi ƙara.

"Malam, ya sauka da asuba, mai yawa. Muna gona ni da su Safiya, mun kusa rabi."

"Wa ke sara?"

"Ni mana. Sunguminka ma na ɗauka, ya fi kaifi."

Geron kuwa ya yi. Ya makara kwana takwas a kan na mutane, amma ya kamo su, zangarniya har tana rinjayar kara. Alamin ya ce a wurin mai shayi, bana Tsahara ce ta yi tushe ta yi rufi, sai a ba ta sarautar. Wannan karon Lurwanu bai yi dariya ba.

Makon jiya na bi ta ƙofar gidansu. An gama ɗaurin damma, laka na kwaɓe, jaka na jingine. Lurwanu na tsaye a tsakiyar tsani da damin irin bana a kafaɗa, bai hau ba, bai sauko ba. Tsahara na ƙasa ta riƙe masa tsanin da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta miƙa shi sama. Na yi sallama ba wanda ya amsa, sai na wuce abina.

Ku da kuka saurara har nan, ku gaya mini: damin nan, cikin rumbu ya kamata ya shiga, ko hannun Tsahara?