Ɗanasabe, Wanda Muryarsa Ta Gaje Shi

Duk wanda ya taɓa noman albasa tsakanin Aliero da Maiyama ya san ƙarar mashin ɗin Ɗanasabe. Wani jan mashin ne mai tari kamar tsohon da mura ta kama, tun yana bayan gari za ka ji maigida na cewa a fito da tabarma. Sunansa na yanka Nuraddeen, amma in ka shiga Jega kana neman gidan Nuraddeen, to ka shirya wuni kana yawo. Ranar Asabar aka haife shi, sunan rana ya danne na yanka, har matarsa Zulai, da kunya ta hana ta kama kowanne daga ciki, in ta ji wani ya ce Nuraddeen sai ta waiga ta ga ko baƙo aka yi.

Aikinsa kai saƙo ne. Shekara ashirin da shida yana yi wa Alhaji Rufa'i, babban dillalin albasa da ke loda motoci zuwa Kurmi, wato kudancin ƙasa. Da keke ya fara, kafin Alhaji ya saya masa mashin.

Wanda bai san albasa ba zai ce ai wannan ba aiki ba ne. To albasa 'yar lele ce. In tana cikin rudu, wato rumfar karan da ake jibge ta iska na ratsa ta, sai ta yi watanni lafiya lau. Amma da an ɗura ta a buhu an ɗinke, ta fara ƙirga kwanakinta. Kwana biyu a rana, sai ka ji wari. Ita kuma motar Kurmi ba ta jira. Dole mota da buhuna su haɗu rana ɗaya, wuri ɗaya. Mai haɗa su kuwa shi ne Ɗanasabe. Da direba ya aiko cewa ya baro Kurmi, sai Alhaji ya ce, "Ɗanasabe, Laraba." Shi ke nan. Sai ya buga mashin, kwana biyu yana zaga ƙauyuka, daga Jiga Makera har Andarai, yana gaya wa kowane gida buhu nawa ake so da inda za a kai.

Yana da yadda yake yi, kuma bai taɓa sauyawa ba. Ba ya buɗe baki da maganar albasa. Zai kashe mashin nesa da ƙofa, ya yi sallama, ya nemi babban gida. Ko da tsohon ya shekara goma bai riƙe fartanya ba, ko da 'ya'ya da ƙanne ne ke ban ruwa tun asuba, wurin tsohon zai durƙusa. A gaisa, a tambayi gwiwar da ke ciwo, a sha fura, a yi tsiyar farashin taki. Sai zai tashi ne yake cewa, kamar abin da ya tuna yanzu, "Alhaji na gaishe ka. Mota na tahe Laraba." Tsoho ya gyaɗa kai, ya kira 'ya'yansa ya ba da umarni. Ranar Laraba buhuna suna bakin hanya kafin hantsi.

Haka aka yi ta tafiya har waya ta shigo. Mutane suka ce ta Ɗanasabe ta ƙare, amma ba ta ƙare ba, don Alhaji ba mai son latse-latse ba ne, kuma gida sama da ɗari ba a kiran su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya zo daga baya shi ne ya fi waya.

Alhaji na da 'ya, Lubna, wadda ta yi karatun kwamfuta. Tana ƙarama Ɗanasabe ne ke ɗora ta a tankin mashin ya kai ta makaranta, tana riƙe da madubi tana cewa ita ce direba. Da ciwon suga ya kwantar da Alhaji, ita ta karɓi ragamar kasuwancin. Ta duba ta ga man fetur ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, ga kwana biyu ana jira kafin a san ko mota za ta cika, ga wasu dillalan sun fara riga su lodi. Ba muguwa ba ce, wallahi. So take gidan ubanta ya tsaya da ƙafarsa. Sai ta haɗa wata manhaja. Direba in ya baro Kurmi ya danna abu ɗaya a wayarsa, nan take na'ura ta kira manoma duka, wata murya ta faɗa musu rana da adadin buhu, wanda zai kawo ya danna ɗaya. Aikin kwana biyu ya koma na minti biyar, ba a ƙona ko cokalin mai ba.

Ranar gwajin farko aka ce Ɗanasabe ya huta. Ya zauna a ƙofar sito a Aliero, makullin mashin na cikin aljihu, yana kallon hanya. Tirela ta iso da hantsi tana son buhu ɗari uku. Azahar ta yi, buhu arba'in da ɗaya. La'asar ta yi, arba'in da ɗaya. Direba ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota yana zagin ranar da ya koyi tuƙi.

Washegari Ɗanasabe ya bi ta Jiga Makera, wai wucewa yake yi, ya tsaya wurin Malam Jibrilla, dattijon da gidansa kaɗai ke ba da buhu talatin.

"Malam, an ga shiru jiya."

"Shirun mi?" in ji tsohon. "Wa yaz zo? Wa yay yi min sallama? Wata mata ta cikin waya ta kira ƙanena Aminu, ba gaisuwa ba komi, wai kawo buhu talatin. Aminu na babban gidan ga? Ko na mutu ba a hwaɗa min ba?"

"Subhanallahi, Malam."

"Nac ce albasa ta zauna inda take. In Rufa'i na son ta, ya san ƙofa."

Abin da ya faru ke nan ko'ina. Na'ura ta kira masu waya, masu waya kuwa ƙanne ne da 'ya'ya. Manyan gida suka ji magana ta shigo ta taga, suka ce ba su ji ba.

Ranar Ɗanasabe ya koma Jega mashin na waƙa a ƙarƙashinsa. Ya ba Zulai labari yana dariya har da dukan cinya. Ita ba ta yi dariya ba. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, ka ji ni da kyau. Ba ka da gona sai wanga ɗan fegi na bakin fadama. Gonarka tana cikin kanka. In sunka zo tambaya, ka riƙe bakinka."

"Wa ka zuwa tambaya ta? Ai sun ga iyakarsu."

"Kaza mai tone-tone dai," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Bayan kwana uku Lubna ta zo. Ba aike ta yi ba, da ƙafarta ta zo har zaure, ta cire takalmi, ta durƙusa kamar yadda shi yake durƙusa wa tsofaffi. Ta gaishe shi, ta gaida Zulai, ta tambayi bayansa da ke ciwo. Sai da aka sha ruwa ta ce, "Baba, na yi kuskure, kuma ban san inda niy yi shi ba. Mota ta koma rabi, Alhaji bai ci abinci ba tun shekaranjiya. Ka gwada min."

Zulai na bayan labule tana tari, tarin da ba na mura ba.

Ku da kuke ji za ku ce me ya hana shi yin shiru. To ku sa kanku a wurinsa. Yarinyar da ka goya ta durƙusa a zaurenka, ta kira ka Baba, ta ce ka koya mata. A inda Ɗanasabe ya tashi, ba a tambayar babba a kan tabarmarsa ya ce bai sani ba alhali ya sani. Kuma, a faɗi gaskiya, akwai daɗi. Shekara ashirin da shida ana ce masa ɗan aike, ba wanda ya taɓa tambayarsa yaya yake yi. Yau ga mai digiri da littafi a buɗe tana jiran abin da zai fito daga bakinsa.

Ya gyara zama. "Ɗiyata, ba ki san mutane ba. Rubuta."

Kwana uku yana magana. Ya faɗa mata babban kowane gida, da wanda ke kusa da shi mai waya da zai miƙa masa. Ya faɗa mata ba a kiran kowa ranar Juma'a, duk suna kasuwar Jega. Ya faɗa mata gidaje biyu na Maiyama da ba a haɗa kayansu a mota ɗaya tun rikicin wata iyakar gona. Ya faɗa mata Fulanin Andarai da suka zauna suna noma, in ba ka fara da gaisuwarsu ta "a waali jam" ba, to ka yi asarar manka. Tana ta rubutu, tana cewa, "Ikon Allah, Baba, duk wanga a kanka yake?" Shi kuwa sai ƙara buɗewa yake.

Rana ta uku ta ce saura abu ɗaya. Tsofaffin nan ba za su saurari baƙuwar murya ba. Ta ajiye waya a gabansa, ta ce ya gaida kowane maigida da sunansa, yadda ya saba. Ya kuwa zage. Gida ɗari da goma sha bakwai, kowa da irin gaisuwarsa, wani da tsokana, wani da addu'a, Malam Jibrilla har da tambayar gwiwa. Ya faɗi ranakun mako, ya faɗi lambobi. Da aka zo ƙarshen jeri Lubna ta yi dariya ta ce, "Baba, ga sunanka. Kai ma kana kawo buhu huɗu duk shekara."

"Ni ma a gaishe ni?" Ya matso da bakinsa kusa da wayar. "Salamu alaikum. Ɗanasabe, tsohon banza, ina gajiya? Alhaji na gaishe ka."

Suka yi ta dariya, har ya share hawaye.

Mota ta gaba ta cika kafin azahar. Ta bayanta ma haka. Tsofaffi suka riƙa karɓar waya da hannu biyu suna amsa gaisuwa, wasu sun san na'ura ce, wasu ba su damu su sani ba. An kira su da sunansu, an fara da su, magana ta shigo ta ƙofa. Malam Jibrilla ma cewa ya yi, "To, yanzu anka yi abin hankali."

Ba wanda ya kori Ɗanasabe. Da ma korarsa aka yi, da ya sami wanda zai yi fushi da shi. Kullum yana zuwa sito ya zauna, a gaishe shi da girmamawa, ba a aike shi ko'ina ba. Mako uku yana haka. Ran nan Alhaji ya sa aka kira shi har ɗaki, yana kwance, ya riƙe hannunsa ya daɗe yana sa masa albarka. Aka ba shi turmin shadda da buhun shinkafa. Lubna ba ta iya ɗaga kai ba da ta ce mashin za a ba mai kai buhunan wofi. Shi ya sauƙaƙa mata. Ya ciro makulli ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Sai an tura shi da sahe, ba ya tashi da ƙafa ɗaya." Ya hau kabu-kabu ya koma Jega, karo na farko da ya zauna a bayan wani.

Ya nemi aiki wurin wasu dillalan. Biyu sun riga sun sa irin manhajar, na uku ya ce yana shirin sawa, har yana tambayarsa ko zai zo a ɗauki muryarsa. Shekararsa hamsin da takwas, bayansa ba ya ɗaukar buhu, idonsa ba ya son ƙananan rubutu. Yanzu in ka bi ta unguwarsu za ka gan shi a dakalin ƙofar gida. Abin da ya fi ci masa rai ba zaman ba ne. Ranar kasuwa manoma kan tsaya su ce, "Ɗanasabe, mun ji ka shekaranjiya, muryarka garau, Allah shi ƙara lahiya." Ba su san ya bar aiki ba. A wurinsu kullum yana zuwa. Ba wanda ya yi kewarsa, don ba wanda ya rasa shi.

Zulai ba ta taɓa cewa "ai na hwaɗa maka" ba. Ta fara soya ƙosai a ƙofar gida, shi ke nan.

Bana da albasa ta nuna, ɗan feginsa ya ba da buhu uku, ɗaya ma bai cika ba. Wata Litinin da hantsi yana zaune, Zulai na kwashe ƙosai daga mai, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka ya kara a kunne. Wata murya mai ƙarfi, cike da nishaɗi, muryar mutumin da ke da mashin da wurin zuwa, ta ce, "Salamu alaikum. Ɗanasabe, tsohon banza, ina gajiya? Alhaji na gaishe ka. Mota na tahe Laraba."

Zulai ta tsaya da matsami a hannu, mai na ɗiga.

Sallama dai ba a barin ta a ƙasa, ko daga bakin wa ta fito. Ɗanasabe ya gyara hularsa, ya ce a hankali, "Wa alaikumus salam. Ba gajiya."

Muryar ba ta jira ya ƙarasa ba. Ta riga ta wuce tana cewa in zai kawo ya danna ɗaya. Ya nisanta wayar daga fuskarsa yana ƙanƙance ido, yana neman inda ɗayan yake, bai gani ba. Sai ya miƙa wa Zulai. Ta goge hannu a zani, ta danna masa.