Lambar da ke Jikin Ƙyauren Inna

Da hantsin wata rana cikin watan Maris na shekarar 2006, ina zaune a ƙofar zauren kakata ina ɓarar gyaɗar iri a ƙwarya, sai ga mutum biyu sun ɓullo ta bayan rumbuna, kowa rataye da jaka, gumi ya jiƙa musu riguna. Shekarata takwas a lokacin. Bazara ta kankama, kaji sun laɓe a ƙarƙashin rumbu da baki buɗe, iska ko ganye ba ta kaɗawa. Malaman ƙidaya ne, waɗanda muka yi kwana uku muna jira. Na watsar da gyaɗar na ruga cikin gida ina kiran Inna, ita kuwa ta fito a natse, sanye da zanen saƙinta na zuwa Idi, kamar wadda za ta tarbi surukai.

Inna mahaifiyar babana ce, kuma ni na jawo wannan shiri nata ba da sanina ba. A Ƙaura Namoda muke zaune, inda Baba ke koyarwa, sai hutu muke zuwa ƙauyenmu, Tungar Mai Kanya, can cikin ƙasar Zurmi. A ajinmu akwai wata tsohuwar taswira da aka manna a bango, ni kuma yarinya ce mai yawan zama shiru ina kallon abu. Idan an fita tara, 'yan'uwana mata na tsakar makaranta suna carafke, ni sai in hau benci in bi layin dogo da yatsa har inda ya ƙare a Ƙaura. In ga Zurmi, in ga Shinkafi, in ga wani zane mai ɗigo-ɗigo a sama wanda malaminmu ya ce daga nan Nijeriya ta ƙare, Nijar ta fara. Amma Tunga ban taɓa ganinta ba. Inda ya kamata ta kasance fili ne kawai, rawaya, babu ko ɗigon ƙuda.

Da muka zo hutu na gaya wa Inna. Batun zanen iyaka dariya ya ba ta, don ƙanwarta tana aure a wajen Maraɗi. "Ni na tai can bisa jaki, 'yar boko, ban ga zane ƙasa ba," in ji ta. "Geronsu geronmu, alƙiblarsu alƙiblarmu." Amma da na ce garinmu ba ya cikin taswirar, sai dariyar ta ɗauke. Ta koma kan tukunyar miya tana ta juya maburgi. Saboda haka da labarin ƙidaya ya zo, sai ta aika wa Baba cewa duk wanda ya sha nononta, da abin da ya haifa, a Tunga za a ƙirga shi. A tunaninta, idan mutanen garin suka yi yawa a takarda, dole hukuma ta saka mana ɗigonmu.

Ba zan manta da Tungar wancan lokaci ba. Gari ne na gidajen laka da dannin kara, da masallaci ɗaya, da rijiya ɗaya mai gugan fata wadda igiya ta yi wa bakinta tsaga-tsaga. Da asuba ƙarar taɓare ke tada mu, kowane gida da irin lugudensa, har nakan gane na wane gida ne daga kwance. Mukan ɗebo ruwa, mu share tsakar gida, mu kai wa maza kunu a gona inda suke sassabe suna ƙona tushiya kafin ruwan shuka. Da la'asar mu yi 'yar tsana da karan dawa, mu yi mata kitso da zaren tsumma. A gabashin gari akwai rugar Fulani, shanunsu ke kwana a gonar Inna da rani su bar mata taki. Matar ardon, Dudu, aminiyar Inna ce. Takan sauke ƙwaryar nononta a zaurenmu su yi ta tsokanar juna, wannan ta ce wa waccan 'yar daji, waccan ta ce wa wannan kaɗo mai cin tuwon jiya. Ranar Idi kuwa sahu ɗaya mazan gari da na ruga ke tsayawa a filin bayan gari. A yamma da filin nan maƙabarta take, ƙarƙashin kanyar da garin ya ci sunanta. Nan kakana Malam Isa yake kwance, kuma nan Inna ta sha faɗa mana cewa za ta bi shi.

Aka shimfiɗa wa baƙin tabarma, aka dama musu fura. Babbansu, wani malamin makaranta mai furfura a gemu, ya buɗe takarda ya fara tambaya: suna, shekaru, sana'a, irin rufin ɗaki, inda ake samun ruwan sha. Inna ta yi ta jira a tambaye ta addininta da asalinta, ta riga ta tanadi amsa tun daga kan kakan kakanta. Da ta ji shiru sai ta tuna masa. Ya ce wannan karon an ce kada a tambaya, kowa ɗan ƙasa ne kawai. Ta jinjina kai, ba ta gamsu ba, amma ta bar shi. Aka rubuta mu ɗaya bayan ɗaya, aka shafa mana tawada a babban yatsa. Malamin na shirin rufe takarda Inna ta ɗaga hannu.

"Ba ka gama ba, ɗana. Rubuta Malam Isa."

"Yana ina, Inna? Ya kwana gidan nan?"

"Yana bayan gari. Shi da ubanai, da ɗiyana ukku da sunka riga ni."

Malamin ya dubi Baba, Baba ya sunkuyar da kai. Cikin ladabi ya yi mata bayani cewa rayayyu ake ƙirgawa, waɗanda ido ya gani. Inna ta gyara zama. "Su sunka sare dajin ga, su sunka gina rijiyar da kar rubuta yanzu. In ka hidda su, mi ya rage na gari? Mu baƙi muke bisa ƙasassu." Ƙaramin malamin ya danne dariya, mu yara ma muka yi ta ƙyalƙyalawa a bayan zana. Babban bai yi dariya ba. Ya ce Allah Ya jiƙansu, Shi ya san adadinsu, amma takarda ba ta da gurbinsu. Da zai fita ya ɗauki alli ya rubuta lamba a jikin ƙyauren zaure, alamar an ƙirga gidan.

Wannan lamba ta zama dukiyar Inna. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta hana kowa jingina da ƙyauren. Da ta ga hadarin farko ya haɗo, ta ji tsoron ruwa zai wanke allin, sai ta kira maƙerin gari ya gasa ƙarfe ya bi sawun rubutun, ya ƙona shi cikin itacen. Duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa. "Ƙasa ta san da mu," take cewa. Duk hutun da na zo kuma sai ta tambaye ni ko an sa mu a taswira, ni kuma in ce tukuna, ana dai shiri.

Ina makarantar gaba da sakandare abubuwa suka lalace. Da satar shanu aka fara. Aka kore garken su Dudu a yini ɗaya, daga baya kuma mutanen gari suka fara kallon rugar da wani ido, kamar ba su ne aka yi sahu ɗaya da su ba. Wata safiya aka tarar da bukkokin babu kowa, Dudu ko sallama ba ta samu yi wa Inna ba. Sai 'yan bindiga suka fara tare hanyar kasuwar Shinkafi, sai suka hana zuwa gona mai nisa, daga baya har ta kusa. Shekarar da gero ya nuna ya bushe a tsaye babu mai iya yankewa, mutanen Tunga suka fara ɗaure kaya. Inna ta aika Zurmi, ta ce a faɗa wa hukuma gidanta gida mai lamba ne, an san da shi. Ban san ko saƙon ya isa ba.

Ita ce kusan ta ƙarshen fita. Baba ya je da motar ɗaukar kaya da sassafe, ya roƙe ta har ya yi kuka. Ta ce ta ji, amma sai an cire ƙyauren. Aka bar turminta, aka bar gadon ƙarfenta, aka ɗora ƙyauren a kan buhunan hatsi ita kuma ta zauna ta dafa shi. Baba ya ce da motar ta zo daidai kanya ta sa aka tsaya, ta yi wa na kwance sallama, ta ce musu ba daɗewa za ta yi ba.

Shekara biyu ta yi a gidanmu na Ƙaura, a ɗaki mai siminti da ta ce ba ya jin ƙamshin ruwan sama. Ƙyauren na jingine a bayan gadonta. Wata rana ina tsefe mata kai ta ce, "'Yar boko, in an sake ƙirga, ina za a rubuta mu?" Na ce a Tunga, in Allah Ya yarda. Ta yi murmushi irin na wanda ya gane ana lallashinsa.

Ranar da ta rasu, Baba ya yi ta neman wanda zai kai ta gida. Duk direban da aka tuntuɓa sai ya ce hanyar ba ta biyuwa, ko gawa ba a ƙyalewa. Liman ya ce ƙasa duk ta Allah ce, kada a jinkirta ta. Gaskiya ya faɗa, na sani. Aka kai ta maƙabartar Ƙaura kafin azahar, cikin mutanen da ba ta taɓa gaisawa da su ba.

Yanzu ni ke koyar da yara taswira, kuma akwai 'yan Tunga a ajina waɗanda ba su san kanyar ba sai a labari. Wani lokaci nakan buɗe taswirar waya in ja ta da yatsu biyu, in yi ta matsowa har in ga inuwar itacen da shacin gidajen da rufinsu ya rufta. Har yau babu suna a wurin. Ƙyauren yana ɗakina, lambar na nan baƙi ƙirin kamar jiya aka ƙona ta. Duk waɗanda aka shafa wa tawada a ranar nan mun watse, wasu Gusau, wasu Maraɗi, wasu ƙarƙashin ƙasar da ba tasu ba. Waɗanda muka yi wa Inna dariya a kansu, waɗanda takarda ba ta da gurbinsu, su kaɗai ne suka rage suna riƙe mana garin.