Taswirar da Na Share da Ƙafa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Ticha Bulus, kuma gara in faɗa tun yanzu, ni ne wawan wannan labari. Aji uku na tsaya, reluwe ta ɗauke ni aiki. Shi kuwa tarihi ya koyar a Kafanchan har furfura ta rufe kansa.

Da la'asar, a gindin mangwaron ƙofar gidansa, yakan zana taswira a ƙasa da tsinke. Nan Indiya a hannun Ingila, can Rasha, Afganistan a tsakani. Ya ce har gobe masana ba su daidaita ba. Wasu sun ce ruwa ba ya tsami banza, lallai Rasha ta yi niyyar ƙwace Indiya. Wasu sun ce Ingila inuwarta ta gani ta firgita. Kowa dai ya yi ta matsowa don kada a riga shi, na tsakani ya sha wuta. Ni kuma, farfesan birkin jirgi, sai in ce, "Ticha, wannan musun zai hana citta ruɓewa?" In sa ƙafa in share taswirar.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Gonar cittata tana bakin rafi a hanyar Kachia, tsakanin ƙauyenmu da na ƙetare. Bana matasansu sun kafa rumfar sintiri a kan dutse, wai sun ji muna shiri. Namu suka ji, suka zo suna auna gonata da taku, nan za su kafa tasu. Ba wanda ya taɓa kowa tukuna. Amma masu tsallako mana da nono sun daina, maƙerinmu kuma ya bar ƙera fartanya, wuta dai ba ta mutu a maƙerar ba. Da Ticha yana nan, na san abin da zai ce: wa ya fara niyya, masana za su yi wannan musu bayan an binne mu.

Littattafansa gara ta ci. Mangwaron ne ya rage, sai matarsa Saratu, wadda muke kira Maman Ladi. Ran Lahadi bayan sujada na same ta tana sheƙar acca, na ce bari in tsokane ta.

"Maman Ladi, mijinki ya tafi bai gaya mana wa ya ci ba, Ingila ko Rasha."

Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ina ruwanka da wanda ya ci, Baban Audu? Je ka duba gonarka. Kai ne na tsakani."