Hoton Taurari a Rugar Kawu

Ni mai ɗaukar hoton biki ce. Inda maza ba sa shiga, can cikin gida wurin lalle da wankan amarya, ni ake kira. A Illo na koyi sana'ar, a shagon wata mata 'yar kudu da kowa ke ce wa Madam. Ta daɗe a garin ƙwarai, har ta iya Hausa da karin magana.

Wata rana da damina ruwa ya hana kowa fitowa, muna zaune babu aiki, sai ta miƙo mini wayarta. Na ga sama baƙa wuluk, cike da zobban haske, wani cikin wani, kamar saƙar faifai.

Na ce, "Madam, zane ne?"

Ta ce, "Taurari ne. Suna tafiya duk dare, idonmu ne ba ya kamawa. In kika kafa kyamara wuri ɗaya tana ta kallonsu awa biyu, kowanne sai ya bar sawunsa." Ta ce ta gwada sau biyu a bayan shago, amma fitilun gari da na motocin da ke nufar iyaka sun wanke mata saman. "Ke da kike da ƙauye, me zai hana ki gwada?"

Da ruwa ya ɗauke na ɗauki kyamarata da ƙafarta mai uku na tafi gida Kurgu. Na kafa a tsakar gidanmu, na raba dare sauro na cizona. Abin da na samu 'yan layuka ne a karkace, kamar kaza ta tona ƙasa. Babu zobe ko ɗaya. Na buga wa Madam waya, ta ce akwai tauraro ɗaya a arewa wanda sauran ke zagayawa, dole in fuskance shi. Amma ita ma ba ta taɓa gane shi da idonta ba.

Ina cikin tambayar Baba ke nan da safe sai ga Kawu, ƙanen Innata, ya zo gaisuwa da ƙwaryar nono. Makiyayi ne, rugarsa na can hanyar Geza. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wanga da ba ya tashi daga wurinshi kike nema? Ai ba ki ganin shi daga nan, ɗiyata. Ƙasa-ƙasa yake, katanga ta rufe shi. Da shi nike kamo hanya in na koro shanu daga wajen Benin. Ki taho ruga in nuna maki shi."

Baba bai so ba da farko, don bai saba jin mace ta kwana a fili saboda hoto ba. Daga baya ya ce, "In dai da kawunki ne, ki je."

Muka jira har wata ya mutu, domin farin wata ma yana ɓata aikin. Na isa ruga da la'asar a bayan mashin. Matar Kawu ta tarbe ni da fura, tana ta dariya. Ta ce ta ga masu ɗaukar amarya, ta ga masu ɗaukar jinjiri, amma ba ta taɓa jin wanda ya yi tattaki don ya ɗauki sama ba.

Bayan isha'i Kawu ya ja ni gefen garke. Ya ɗaga sandarsa ya nuna wata giginya ita kaɗai a fili. "Dubi saman kanta, ki ɗan matsa dama. Shi ne." Na zaci zan ga wani ƙaton tauraro. Ashe ɗan madaidaici ne, da ni kaɗai ce da ko kallo bai ishe ni ba.

Sai matsalar wuta. Kullum suna hura wutar hayaƙi don kore wa shanu sauro, kuma ba zan ce a kashe ta saboda ni ba. Kawu ya sa aka rufe ta da ɗanyen ganye, ta koma hayaƙi da ɗan ja-ja, iska na kai shi kudu. Na kafa kyamara, wutar na bayana, shanu da giginya na gabana. Na murza gilashin kyamarar da hannu har taurari suka fito sarai, na naɗe bakinsa da safa saboda raɓa. Na saita ta ta riƙa ɗauka rabin minti, rabin minti, ba tsayawa, na danne maɓallin 'yar igiyar da ke sa ta ɗauka ba tare da an taɓa ta ba, na kulle.

Na ce, "Kawu, daga yanzu ba mai taɓa ta, ba mai haska tocila, sai bayan awa biyu."

Ya ce, "To, Allah shi ba mu sa'a." Ya zauna a kan buzunsa.

Ba a daɗe ba wata karsana ta miƙe, ta nufo kyamarar tana shinshina. Na yunƙura zan kore ta, Kawu ya riƙe mini hannu. Ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, ya faɗi kalma ɗaya da Fulatanci. Ta tsaya, ta kaɗa kunne, ta juya ta koma cikin 'yan'uwanta.

Na fara sakin jiki ke nan sai muka hango fitilu daga yamma. 'Yan kasuwa ne a kan babura, sun yi dare, suna tafe a jere a kan hanyar da ta bi ta gefen ruga. In haskensu ya faɗa bakin kyamara, aikin ya lalace. Na ce, "Shi ke nan." Kafin in rufe baki Kawu ya miƙe, ya kwance bargon da ya yafa, ya ware shi da hannu biyu tsakanin kyamarar da hanya. Baburan na wucewa yana juyawa tare da su a hankali. Sun fi goma, wasu har da tazara. Ina jin sauro na kuka a kansa, amma bai sauke bargon ba sai da na ƙarshe ya ɓace.

Sauran lokacin hira muka yi ƙasa-ƙasa. Ya nuna mini taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta, da ta riga ta hau, ya gaya mini yadda yake sanin dare ya raba ba tare da agogo ba. Batir ya mutu saura kaɗan awa biyu ta cika.

Washegari na wuce Illo kai tsaye. Hotuna sama da ɗari biyu muka zuba a kwamfutar Madam, muka sa ta haɗa su wuri ɗaya. Muna kallo layukan suka fara tsawo, suna lanƙwasa, suna kewaye wuri guda daidai saman giginyar. Ƙasan manyan zobban ya nutse a bayan ƙasa. Wasu farare, wasu ruwan ɗorawa, wasu shuɗi-shuɗi. Shanun da suka yi motsi sun zama kamar hayaƙi, amma wata tsohuwar saniya da ta kwanta ta fito sarai, jan wutar ya taɓa ƙahonninta. Madam ta dafe ƙirji ta ce, "Yarinya, kin wuce ni!" Sai murmushi nake ta yi, har kumatuna suka yi ciwo.

Muka wanke biyu manya. Ranar kasuwa Kawu ya zo. Ya karɓi hoton da hannu biyu, ya fita da shi bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ɗora yatsa a tsakiya, ya tsuke fuska.

"Mi ne ne wanga?"

Na leƙa. Tauraronsa ne. Bai fito ɗigo ba, ya ɗan ja wani guntun baka kamar yankan farce.

Na ce, "Shi ma yana ɗan zagayawa, Kawu. Kaɗan ne ƙwarai."

Ya ce, "Tun ina yaro nike gaya ma mutane ba ya motsi." Ya sake dubawa, sannan ya fashe da dariya. "To, motsin dattijo ne. Ya gyara zama kawai."

Ya naɗe nasa a cikin rawani ya kai ruga, matarsa ta rataye shi saman jeren ƙorenta. Ɗayan Madam ta sa masa gilashi ta kafa a bangon shago, sama da hotunan amare. Wani malamin sakandare ya gani ya roƙi a wanke masa, ya ce zai nuna wa ɗalibansa yadda duniya ke juyawa. Har yau, in Kawu ya shigo kasuwa da abokansa, sai ya biyo da su shagon. Ya tsaya gaban hoton da sandarsa a kafaɗa, ya nuna musu giginyar da saniyar, sannan ya juyo ya nuna ni ya ce, "Ɗiyar yayata ce ta ɗauka."