Kira Arba'in da Ɗaya a Littafin Dodo

"Arba'in da ɗaya," in ji Baba Dodo. "Ba arba'in ba. Kai dai riƙe yadda na hwaɗa maka."

Muna zaune bisa benci a barandar biro, wato ofishin da yake aiki nan Tawa, tarho na kan tebur kusa da gwiwarsa. Dodo mutumin Affala ne. Farin 1984 ya koro shi gari, ya yi dako, ya yi gadi, daga baya aka ɗauke shi falanto: shara, kai takardu, amsa tarho. Tarho ɗaya ne ga ma'aikata goma sha biyu. In an kira mutum, Dodo ya tsaya bakin baranda ya ƙwala sunansa, har da na mai nemansa.

Tun ranar farko shugaban biron ya ba shi littafi, ya ce duk kiran da ya shigo a rubuta. Dodo bai yi lakwal ta boko ba, allo ya yi, don haka da ajami yake rubutawa. Ba a gaya masa inda zai tsaya ba, sai ya riƙa sa rana, ƙarfe nawa, da duk abin da mai kira ya faɗa. Shekara bakwai babu wanda ya buɗe littafin.

A 1995 Kadidiya, mai buga takardun biron, ta ɗauki firji bashi wurin wani Alhaji mai kanti, don ta riƙa sayar da ƙanƙara. Ta biya rabi, sai albashi ya tsaya wata huɗu. Yaron Alhajin, Nasrullahi, ya fara kira.

"Ran farko ni na kashe ta da kunya," in ji Dodo. "Na tsaya nan na ce, Kadidiya, mai firji na neman kuɗinai! Kowa ya ji. Ta zo ta ɗauka. Da ta aje ta ce, Baba, ko ka rage murya? Wallahi rannan ban iya cin abincin rana ba."

Daga nan ya daina kiranta, shi yake amsawa. Nasrullahi kuwa ya ƙara wuta: sau uku, sau huɗu a wuni. Ya ce mata ɓarauniya. Ya ce zai zo da amalanke ya kwashe gadonta gaban maƙwabta. Rannan shugaba na jiran kira daga Yamai, layi bai samu ba. Ya fito ya ce in tarhon nan ya sake ƙara don bashinta, ta nemi wani aiki. Kadidiya ba ma'aikaciyar dindindin ba ce, kuma mutum biyar ke ci a hannunta.

Washegari Dodo ya kai takarda gidan shari'a, ya tsaya ya tambayi magatakarda. Mutumin ya ce bashi dole a biya shi, amma mai bin bashi ba shi da ikon zagi ko tsoratarwa, ba ya kuma ɗaukar kayan mutum da hannunsa sai ta hanyar shari'a. Ya ce, "Amma maganar tarho iska ce, Baba. Wa ya ji?"

"Na ce, ni na ji, kuma ga ta kwance cikin littafi."

Kadidiya ta ƙi da farko. Ta ce mai cin bashi ba ya kai ƙara. Dodo ya ce, "Ɗiyata, kuɗi suke bin ki, ba mutunci ba." Kwana biyu tana juya abin, sannan ta yarda.

Aka kira su sulhu. Alhaji ya zo da babbar riga, Nasrullahi a bayansa yana cewa shi gaisuwa kawai yake yi da tuni. Babu mai iya karanta hannun Dodo, sai aka ce ya karanta da kansa. Ya miƙe ya fara, murya ɗaya, kamar mai tilawa: Talata, goma da rabi, ya ce kaza. Talata, sha biyu saura, ya ce kaza. Bai tsallake zagi ko ɗaya ba.

"Ina na sha bakwai Alhaji ya ce ya isa. Na ce, ranka ya daɗe, saura ashirin da huɗu. Ya juya ya dubi yaron ya ce, kai, da sunana kake wannan?"

Ba a yafe ko dala ba. An rubuta cewa duk watan da albashi ya fito za ta kai wani abu kanti da kanta, kuma ba a sake kiranta a wurin aiki. Ta gama biya a wata tara. Tana nan har yau, ina jin ƙarar injin bugunta ta taga.

Na tambaye shi ko har yanzu yana ƙwala sunan mutane.

"A'a. Yanzu takawa nike in raɗa ma mutum. Gwiwa ka biya."

Ya dubi rana, ya tura littafin cikin aljihun tebur, ya ce in tarho ya yi ƙara kada in taɓa. Ya ɗaure takardun gidan waya a bayan kekensa, ya tura shi waje.