Kwaltar da Ta Ci Hannun Malam Hudu

Ni ɗan Aujara ne, ɗan manomi. Kafin in lalace ba wanda ya taɓa kama ni da allurar wani. Abin da aka san ni da shi zuciya ce, ko kallon banza aka yi mini sai an riƙe ni.

Da kamfanin gina hanya ya kafa sansani a kusa da Dutse, Malam Hudu, aminin mahaifina, shi ne maigadinsu. Shi ya tsaya mini aka ɗauke ni aikin hura wutar kwalta. Dattijo ne mahaddaci, yana gadi yana rubuta Alƙur'ani da hannunsa, kullum da tawada da alƙalami a gefen tabarmarsa.

Na so aikin ƙwarai. Injiniyanmu ya bayyana mana cewa kwalta ita ce abin da ke zama a ƙasa in matatar mai ta tace ɗanyen mai, ta cire fetur da kananzir da gas. Ya koya mana narka ta da tsinka ta da kananzir. Ya kuma ja mana kunne, ya ce, "In ta zubo wa mutum, ku yi ta kwara ruwan sanyi nan take. Kada a jira, kada a ɓare." Sau nawa ya faɗa, har muka riƙa kwaikwayon muryarsa muna dariya.

Da gwangwani ɗaya na fara satar kwaltar. Kwanon ɗakin Inna yana yoyo, na ɗebo kaɗan na liƙe mata. Maƙwabta suka gani, ga damina ta matso, kowa yana so. Gwangwani ya zama bokiti, bokiti ya zama duro. Ran Juma'a in an watse zuwa masallaci nake fitar da duro ta bayan shinge, mai a-kori-kura ya kai mini wani kwari a bayan duwatsun Limawa. Can na kafa murhuna. Sai in narka kwaltar, in sheƙa mata baƙin mai na bakanike don ta yi auki, in sayar wa masu gyaran rufi. In rana ta buɗe sai kwaltar ta narke, ruwa ya zubo wa mutane a kan gado, ni ko a jikina.

Duro ɗaya mai ɓuli ya tona ni. Malam Hudu ya bi ɗigon baƙi a kan yashi har kwarin, da tsakar rana, ina tsaye kan wuta ina juyawa.

Ya ce, "Yaro, ashe kai ne? Ni na tsaya maka fa."

Na ce, "Baba, ku koma bakin aikinku, babu ruwanku."

Ya ce, "Ka kashe wutar nan mu mayar da abin mutane. Wallahi ba mai ji daga bakina."

Rufin asiri ya kawo mini, ni kuwa na ji kamar zagi. Ya matso ya riƙe ƙarfen da nake juyawa da shi. Na fizge, ya ƙi saki. Na kai masa naushi a baki, haƙori ya fita, jini ya wanke masa gemu. Ya sake riƙo rigata, sai na ɗauki moɗa cike da tafasasshiyar kwalta na watsa masa. Ya kare fuskarsa da hannun dama. Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Ya faɗi yana birgima, fata tana ƙauri, yana kiran sunan Allah yana kiran sunana.

Ga jarkar ruwa biyu a gefen murhu, ni na kawo su da safe. Na san abin yi sarai. Na dube su, na dube shi, na gudu.

Makiyaya ne suka tsince shi. Don tausayi suka shiga ɓare masa kwaltar, ta taho da nama. A Miga aka kama ni bayan kwana uku, mutanen gari suka yi mini dukan da har yau kunnena na hagu ba ya ji. A kotu likita ya ce da an zuba ruwa da wuri, da ba a yanke hannun ba. Wannan maganar ta fi ɗaurin shekara bakwai ɗin yi mini ciwo, ita ta hana ni sakewa a gidan yari. Ina ciki mahaifina ya rasu, bai taɓa zuwa duba ni ba.

Ranar da na fito ban nufi gida ba, zauren Malam Hudu na fara zuwa. Na durƙusa na fashe da kuka.

Ya ce, "Na yafe maka tun ina asibiti. Tashi ka ɗauko mini gafakar can."

Na ɗauko, ya sa na buɗe. Takardun Alƙur'aninsa ne, rubutu mai kyau, ya tsaya a tsakiyar shafi, sauran fari fat.

Ya ce, "Nan na kai ranar. Na gwada da hagu, ba ya yi."

Samari, na tuba, yanzu noma nake a gonar mahaifina. Amma ku ji ni da kyau. Kada ku raina gwangwanin farko, kuma in babba ya riƙe hannunku don ya hana ku ɓarna, ku sakar masa. In kun riga kun yi ɓarnar, kada ku gudu ku bar mutum a ƙasa. Ni an yafe mini, an sake ni, hannuwana biyu lafiya lau. Na Malam Hudu ne babu, kuma shafin nan yana nan yadda na bar shi.