Kwaltar Surukina

A duk Garwa, daga bakin gada har Jambutu, babu mai baki irin nawa. Na taɓa yi wa ɗan moto faɗa har babur ɗinsa ya mutu don kunya. Na balbale wani mahauci a kasuwa har naman da ke kan tebur ya fara dahuwa. Magana ba ta kwana a cikina, kowa ya sani.

Rufin gidana na kankare ne, wanda muke kira dal. Shekara da shekaru yana yoyo. Duk bazara in kira mai kwalta ya dafa ganga ya shafe, duk damina ruwa ya nemi hanya ya sauko daidai kan gadona, kamar an ba shi adireshi. Da na gaji, na ɗauko wani teknisiye, gwanin aikin rufi, ya yi mini rufin nan na zamani: farar roba falle ɗaya, ana manne bakinta da iska mai zafi. Kafin ya shimfiɗa ta sai da ya lulluɓe tsohuwar kwaltar kaf da wani abu kamar bargo. Na tambaye shi ko robar tana jin sanyi ne a Garwa.

"Patron," ya ce, "irin wannan robar ba ta haɗa jiki da kwalta. Akwai mai a cikinta da ke sa ta laushi. Kwalta takan tsotse shi, sai ta bushe ta tsage. Bargon nan shi ke raba su ta ƙasa. Ta sama kuma kai ne mai gadi. Ko ɗigo kada ka bari."

Damina ta zo ta wuce, gadona a bushe. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai na hau da shi sama ya gani, har masu neman sadaka.

Da zafi ya dawo, surukina, mahaifin matata, ya zo daga Rey Buba ganin likitan ido, ya sauka a wurinmu. Dattijo ne da bai iya zama haka kawai ba. Kafin mako ya cika ya gyara ƙofar banɗaki, ya sauya wa akuya turke, ya sare mini rabin darbejiya. Duk na haɗiye.

Ran nan na taso daga shago wajen azahar, tun daga kwanar layinmu na ji warin kwalta. Har na yi dariya, na ce wane wawa ne har yanzu yake wahalar da kansa? Sai na ga hayaƙin a ƙofata yake, ganga tana tafasa a kan duwatsu.

Ban san yadda na hau matakalar nan ba. Na fito sama da zagi cike da baki, wanda ya isa unguwa guda. Ga tsohon mai kwaltata da tsintsiya a hannu, ya baƙanta kusan kashi ɗaya cikin uku na farar robar. Ga kuma Baba a kan kujera, riƙe da laima.

To, a gaban suruki me mutum yake yi? Na cire takalmi. Na durƙusa a kan rufin da zai iya soya ƙwai.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Yauwa, ɗana. Jam na? Lafiya? Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya rana? Ya abokan zama? Ya mai shagon kusa da kai, wanda ƙafarsa ke ciwo?"

Yana tambaya ina amsawa, tsintsiya tana tafiya. Kowane "lafiya lau" da na faɗa sai da ya ci mini taku guda na roba. Ina ganin yadda take yamutsewa in kwalta mai zafi ta hau ta. Rufina yana mutuwa, ni kuwa ina ba da labarin ƙafar wani!

"Na hawo shan iska ne," in ji Baba, "sai na ga sun bar maka leda tsirara, ko kwalta ba su shafa ba. Mutanen yanzu ba su da tsoron Allah. Ban gaya maka ba don kada ka ce za ka biya. Jikokina ba za su kwana cikin ruwa ina raye ba."

Kalma ɗaya ta isa: a dakata. Na juya ta a baki, ta ƙi fita. Na bi ta bayan gida.

"Baba, rana ta yi zafi, ko a bari sai gobe?"

"Kwalta da zafi take kamawa."

"Mai aikin nan da alama ya gaji."

"Ni? Ras nake, Alhaji!" in ji munafukin, wanda na raba shi da cinikin shekara-shekara, yana murmushi har kunne.

Sai Baba ya ce idonsa ba ya gani sosai, in duba ko akwai inda aka tsallake. Wallahi hannuna ne ya ɗaga kansa, ba ni ba. Ya nuna kusurwar gabas, wurin da ya rage fari tas. Bakin nan da ya kashe babur ya buɗe ya ce, "Useko, Baba, na gode. Allah ya saka da alheri."

Na sauko na sami matata a kicin.

"Kina gidan nan aka kunna wuta a ƙofata?"

"Ina nan."

"Ba ki ji abin da teknisiye ya ce ba?"

"Na ji. Ni zan ce wa ubana kyautarsa ba ta da kyau? Na ce a jira mai gida, mai gida ba ya tsoron kowa."

Har yau in na tuna jinina tafasa yake. Wace irin kunya ce wannan, da za ta sa ƙato ya yi godiya ana yanka shi? An yi wa kwalta da roba bargon da zai raba su, amma babu wanda ya ƙirƙiro abin da za a shimfiɗa tsakanin mutum da alherin surukinsa.

Baba ya koma gida da ido garau da zuciya fara. Robar ta koma launin shayi, sannan ta sandare. Teknisiye ya zo ya danna ta da babban yatsa, ta fashe kamar ƙanzo. Ya ce garanti ya mutu tun ranar da ganga ta tafasa. Ruwan farko bai ɓata hanya ba, ya tuna adireshin.

Na ba da labarin nan a shago, a majalisa, a wurin aski, a gidan suna, kowane karo muryata tana ƙara tsawo. Ran nan na dawo ina cikin maimaita shi a tsakar gida, matata tana jera robobin tarar ruwa a kan katifa. Ba ta ko ɗago ba.

"Duk Garwa ta ji, saura mutum ɗaya," ta ce. "Ya kira ɗazu. Na gaya masa ana yoyo, ya ce shafe ɗaya ne bai isa ba. Yana nan tafe da ganga biyu."